Darasi Na 17: Ɗamarar Tumbi Da Halin Cin Abinci

Jama'a, darasinmu na yau a kan ciki ne. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gaskiya ne, manomi ba ya iya huɗa da yunwa. Amma ku sani, abincin da ke ba mutum ƙarfi, shi ne kuma ke kayar da shi idan ya wuce kima.

Yau za mu karanta labarin wani aiki da likitoci ke yi wa masu ƙiba ƙwarai. Watakila ba wanda za a yi wa irinsa a cikin ajin nan. Duk da haka ku kasa kunne, domin wahalar da mutanen nan ke sha bayan aikin, ita ce wahalar duk wanda likita ya ce masa, "Rage tuwo, bar sukari." Irin waɗannan kuwa muna da su a Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa, wasu ma a cikin gidajenmu.

1. Ƙiba

A wurinmu, in mutum ya yi teɓa sai a ce ya samu. In mace ta yi jiki sai a ce mijinta yana riƙonta da kyau. Amma likitoci sun gane ƙiba mai yawa cuta ce. Tana jawo ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022, cikin kowane mutum 8 na duniya, 1 yana da ƙibar da ta wuce kima.

Me ya kawo haka? Ku dubi zamanmu. A da, wanda zai ci kasuwa da ƙafa yake zuwa, yau babur yake hawa. A da mata su yi surfe, su yi daka, su yi niƙa, yau ana kai wa inji. Wannan sauƙi ne, mun gode Allah. Amma aiki ya ragu, malmalar tuwo ba ta ragu ba. Sa'an nan ga shayi mai sukari, ga lemon kwalba, ga taliya, ga soye-soye a kowace tasha. Abincin da jiki bai ƙone shi da aiki ba, sai ya ajiye shi ya zama kitse.

2. Mece ce ɗamarar tumbi?

Tumbi shi ne jakar da abinci ke sauka a ciki bayan an haɗiye. Kowa ya ga na akuya ran Babbar Salla. Na mutum ɗaki ɗaya ne, yana buɗewa idan an ci, yana komawa idan abinci ya wuce cikin hanji.

A shekarun 1980 likitoci a Suwidin da Amurka suka ƙago wata dabara. Suka yi wani zobe na roba mai taushi, wanda ake ɗaura wa tumbi daga can sama, kusa da bakinsa. Shi muke kira ɗamarar tumbi. A shekarar 1993, a ƙasar Beljiyam, aka fara sa shi ba tare da an tsaga ciki ba, sai dai a yi 'yan ƙananan huje-huje a zura kayan aiki. A shekarar 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a riƙa yin aikin a ƙasarta.

Ga yadda abin yake. Ku ɗauki buhu, ku ɗaure shi da igiya kusa da baki, amma kada ku tsuke sarai. Kun ga buhu ya rabu biyu: ƙaramin aljihu a sama, babba a ƙasa, da 'yar ƙofa a tsakani. To, haka ɗamarar ke yi wa tumbi. Aljihun sama bai fi girman ƙwan kaza ba. Loma kaɗan sai ya cika, mutum ya ji ya ƙoshi. Daga nan abinci ya riƙa gangarawa sannu sannu.

Mutanen Bebeji sun san madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a shekarar 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ana tare ruwa, ana sakinsa ta ƙofa gwargwadon bukatar masu noman rani. Ɗamarar ma tana da mai buɗe ƙofa, watau likita. Akwai wani ɗan maɓalli da ake ajiyewa ƙarƙashin fatar ciki, an haɗa shi da zoben ta wani siririn bututu. In likita ya ɗura ruwan gishiri ta nan da allura, zobe ya kumbura, ƙofa ta tsuke. In ya zuƙe ruwan, ƙofa ta buɗe.

Ba kowane mai teɓa ake yi wa wannan aiki ba. Sai wanda ƙibarsa ta kai ga haɗari, ya kuma gwada rage ci da motsa jiki abin ya faskara. Aiki ne mai tsada, sai a manyan asibitoci.

3. Cin abinci bayan aiki

Ran da aka sallami mutum daga asibiti, ran nan babban aiki ya soma. Yawanci likitoci kan tsara masa haka:

Mako 2 na farko, ruwa-ruwa kaɗai, kamar romo da aka tace, da koko mai ruwa, da nono marar sukari.

Mako 2 na biye, abin da aka dama ya yi laushi lilis, kamar wake da aka tuƙe, da kabewa.

Bayan wannan, abinci mai taushi, kamar dafaffen ƙwai, da kifi, da alale.

Wajen mako na 6 ya soma cin irin na kowa, amma ɗan kaɗan.

Daga nan har iyakar zaman ɗamarar a cikinsa akwai dokoki. Loma ƙarama. Tauna sosai, har abinci ya zama kamar kunu a baki. Ba a korawa da ruwa, sai a dakata kamar rabin awa bayan an gama. Ba a shan lemo mai gas. Da ya ji ƙoshi, sai ya cire hannu.

Dokokin nan suna da sauƙin karantawa. Binsu kuwa, nan gizo ke saƙa.

4. Inda wahalar take

Wahala ta fari, sabon hannu. Mutumin da ya shekara 40 yana yanko babbar loma, ya dangwali miya, ya haɗiye ba tauna, hannunsa ba ya mantawa don an yi masa aiki. Ran da ya shagala ya yi irin ta da, sai loma ta tsaya a ƙofa. Ƙirji ya ɗaure, yawu ya cika baki, sai amai. Abubuwan da suka fi maƙalewa su ne burodi, da gurasa, da shinkafa, da nama mai tauri irin su kilishi da tsire. In amai ya yawaita, zoben yana iya zamewa daga wurinsa, har a sake komawa ɗakin tiyata.

Wahala ta biyu, hanyar sata. Kun san mazurari, wanda masu sayar da man gyaɗa ke ɗura kwalba da shi. Ku zuba masa tsaki da yawa, sai ya toshe. Ku zuba masa mai, sai ya wuce salin alin. Haka ɗamarar take. Tana tare tuwo da nama, amma ba ta tare abin sha. Mutum ya gaji da amai, sai ya koma wa abin da ke wucewa ba gardama: shayi mai madara da sukari, fura mai sukari, kunun zaƙi, lemo, alewa. Ciki ba ya ciwo, amma ƙiba ta dawo. Kuɗi sun tafi, wahala ta tashi a banza.

Wahala ta uku, yunwar zuciya. Yunwa iri biyu ce. Akwai ta ciki, wadda ke zuwa bayan an daɗe ba a ci ba, kowane abinci kuwa yana kashe ta. Akwai kuma ta zuciya, watau kwaɗayi. Ita takan zo farat ɗaya, ko da an ƙoshi, kuma abu guda take so. Ƙamshin tsire ya bugi hanci, ta tashi. Ɓacin rai ya zo, ko kaɗaici, ko zaman banza, ta tashi. Likita ya ɗaure tumbi, amma ba shi da zoben da zai ɗaura wa wannan. Wasu ma sukan shiga baƙin ciki bayan aikin, domin abincin da suke rarrashin zuciyarsu da shi ya gagare su.

Wahala ta huɗu, mutane. Mu a kwano ɗaya muke ci. Mai cin sannu, kafin ya tauna loma uku an sid'e kwano, saboda haka sai ya yi sauri. Ya je suna ko ɗaurin aure a sa masa abinci, in ya ƙi a ce girman kai. Ya soma ramewa, sai tsegumi ya tashi, wasu su ce ciwo ne yake ɓoyewa, wasu su ce karayar arziki ce.

Saboda irin waɗannan matsaloli, mutane da yawa sun koma an cire musu ɗamarar bayan 'yan shekaru. Yanzu likitoci sun rage yin wannan aiki ƙwarai, sun fi yin wani wanda ake yanke wani sashi na tumbin a rage girmansa. Amma shi ma bai raba mutum da dokar ci ba. Waɗanda suka ci ribar aikin, kowane iri ne, su ne waɗanda suka sake hali, suka kuma riƙa komawa wurin likita a kan lokaci.

5. Misali

A ce ga wani magidanci mai mata biyu, likita ya sa masa dokar ci. Ran girkin amarya ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe, ta malala man shanu. Ya ci loma biyar ya cire hannu. Sai ta ɓata rai.

Ta ce, "Malam, shekaranjiya da Yaya ta yi girki ai ka ci. Nawa ne ba ya ciwuwa?"

Ya ce, "Wallahi ba haka ba ne. Likita ne ya hana."

Ta ce, "Likita bai hana na Yaya ba, sai nawa?"

Don a zauna lafiya sai ya mai da hannu cikin kwano, ya cinye. Cikin dare ya kwana yana juyi.

Wa ke da laifi? Amarya ba muguwa ba ce, ba a gaya mata kome ba ne. Da ya tara su duka biyu tun ran da ya komo daga asibiti, ya ce, "Ga abin da likita ya ce, ga kwanon da za a riƙa zuba mini, ran girkin kowa daidai wa daida," da ba a yi haka ba. Da ma ya tafi da ɗayarsu asibiti ta ji da kunnenta, da ya fi. Mai ciwo shi ke da ciki, amma mai girki ita ke riƙe da ludayi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Abin da ya shafe mu

To, ku yi tunani. In aikin da ƙwararrun likitoci suka yi, aka kashe masa dukiya, bai isa shi kaɗai ba sai an haɗa da gyaran hali, ina ga ƙullin garin magani da wani ke talla da lasifika ran kasuwa, yana cewa yana narkar da teɓa cikin kwana bakwai? Ku riƙe kuɗinku.

Ga hanyar da kowa zai auna kansa a gida, ba sai da sikeli ba. Ka sami igiya. Ka tsaya a miƙe ba takalmi, wani ya auna tsawonka da ita daga ƙasa zuwa tsakar ka, ya yanke. Ka ninka ta biyu. Ka zagaya cikinka da ita, sama da cibiya kaɗan, kada ka shanye ciki. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, sai ka je asibiti mafi kusa a auna jininka, a duba suga. Ƙa'idar ita ce, kada kewayen cikin mutum ya kai rabin tsawonsa. Wannan awo na manya ne, ban da yara da mata masu ciki.

Wanda igiyarsa ba ta haɗu ba, da wanda likita ya sa wa dokar ci, ga abin da za su koya daga masu ɗamarar tumbi:

1. Ka sami ƙaramin kwano naka na kanka. A zuba maka sau ɗaya, ba ƙari.

2. Ka ci a zaune, a natse. Ka tauna sosai. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, saboda haka mai sauri yakan wuce ƙoshi bai sani ba.

3. Ka rage tuwo, ka ƙara ganye. Allah ya hore mana shinkafa a Tudun Wada, ya hore mana masara a Doguwa, ba wanda ya ce a bar su. Amma a ba zogale, da rama, da alayyafo, da kuɓewa, da kuka babban wuri a kwano. A haɗa da wake, ko ƙwai, ko kifin Tiga in ya samu.

4. Ka lura da abin da kake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar cokali 8 ko 9. Mazarƙwaila da zuma su ma cikin lissafin suke. Mai ciwon suga kuwa, abin da likitansa ya ce shi zai bi.

5. Ka rage gishiri da dunƙulen miya. Gishirin yini duka kada ya kai cokalin shayi 1.

6. Kada ka ƙi karin kumallo don ka rame. Wanda ya wuni da yunwa, da dare sai ya rama har da riba.

7. In kwaɗayi ya taso, ka tambayi kanka, "Ta ciki ce ko ta zuciya?" Ka sha ruwa, ka tashi daga wurin, ka kama wani aiki. Sau da yawa kafin ka gama ya wuce.

8. In za ka yi tafiya, ka ci abinci a gida. Wanda ya sauka Kwanar Ɗangora da yunwa, ga mai tsire, ga mai ƙosai, ga mai lemo, da wuya ya tsira.

9. Ka motsa jiki. A ƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau 5. Tafiya da sauri ta isa. Matan da ke cikin gida su ma suna iya zagaya tsakar gida da safe ko da yamma.

10. In ka karya doka ran biki, kada ka ce shi ke nan an ɓata. Gobe ka koma kan hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma mutanen gida da abokai, in mutum ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," kada ku ce, "Haba, ƙara ko loma ɗaya." Ku ce, "Madalla, Allah ya ƙara lafiya." In kun ga ya rage jiki, kada ku bi shi da tsegumi. Wannan shi ne zumunci.

7. Gargaɗi

Darasin nan bai ce a rage wa yara abinci ba. Yaro yana girma, abinci mai gina jiki yake bukata. Haka mace mai ciki, da mai shayarwa, da wanda ya tashi daga ciwo, da manomin da ke wuni yana noma. A garuruwanmu akwai yaran da ke fama da tamowa, su ƙari suke so.

Akwai kuma ƙwayoyin da wasu mata ke saye don su yi jiki, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu suna kumbura fuska, suna jawo hawan jini da ciwon suga. Kada a sha su.

Wanda aka yi wa aikin tumbi, in ya ga ko ruwa ba ya wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ya ga jini cikin amai, ko ciwon ciki mai tsanani, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti nan da nan. In azumi ya gabato, shi da mai ciwon suga su nemi shawarar likita tun da wuri. Wanda kuma ya ga yana ramewa ba dalili, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari, shi ma ya je a duba shi.

An ce hali zanen dutse. Amma ku dubi bakin tsohuwar rijiya, ku ga yadda igiyar guga ta yi wa dutse sabon zane. Ba rana ɗaya ta yi shi ba, kullum ne kaɗan kaɗan. Ku da kuka shigo ajin nan ba ku san baƙi ko ɗaya ba, ga shi yau kuna karanta wannan da bakinku. Wanda ya koya wa hannunsa riƙon fensir da girmansa, zai iya koya masa yanko ƙaramar loma.

Kalmomin da za a rubuta a allo

tumbi, ɗamara, ƙiba, kitse, tiyata, mazurari, kwaɗayi, ƙoshi

Tambayoyi

1. Waɗanne cututtuka ƙiba mai yawa ke jawowa?
2. A wane wuri ake ɗaura ɗamarar tumbi?
3. Yaya likita ke tsuke ta ko ya sassauta ta?
4. Don me lemo da kunun zaƙi ke wucewa, tuwo kuwa ya tsaya?
5. Mene ne bambancin yunwar ciki da yunwar zuciya?
6. Me ya kamata magidancin nan ya yi tun ran da ya komo daga asibiti?
7. Su wane ne ba za a rage wa abinci ba?

Lissafi

Wani mutum yana shan shayi sau 2 a yini. Kowane kofi yana zuba sukari cokali 4. Da rana kuma ya sha lemon kwalba mai cokali 9. Cokali nawa ya sha a yini? Da cokali nawa ya wuce 12? Cokali nawa ke nan a mako?

Aikin gida

Kowa ya rubuta abin da ya ci da abin da ya sha gobe, tun daga safe har dare, kada ya ɓoye kome. Kowa kuma ya auna kansa da igiya, ya koya wa mutum ɗaya a gidansu yadda ake yi. Ran da za mu sake haɗuwa a zo da takardar.